Ragon Layyar Sadisu

Duk wanda ya san kasuwar goro ta Agege ya san Sadisu, kuma duk wanda ya san Sadisu ya san ba a miƙa masa abu a ce ya duba, sannan a sa ran zai ce madalla. Sana'arsa tsintar goro. In fatake suka sauke kaya daga dajin Yarbawa, shi ake zube wa a gaba, ya ware marsa, manyan nan, daga minu ƙanana, ya fitar da mai sankara da tsutsa ta ci, kafin a jera a ganye a ɗinke huhu a loda motar Arewa. Ido kam Allah Ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Goron da mutum uku suka juya suka ce lafiya lau, shi sai ya ɗauka ya karkata shi wajen haske, ya nuna maka wata 'yar huda kamar tsinin allura, ya jefa shi gefe. Iyayen gidansa suna ji da shi saboda haka. Matsalar ita ce in ya tashi daga aiki ba ya barin idon nan a kasuwa, da shi yake komawa gida.

Shekararsa goma sha ɗaya a Legas. Ya sayi fili a bayan gari tun da wuri, har yau ciyawa ce ke kwana a ciki, domin ya rantse ba zai ɗora bulo ko ɗaya ba sai in na gidan sama ne. Keke bai saya ba, wai mota yake jira, motar ma ba kowace iri ba. Gida kuwa, wato ƙauyensu can gefen Ringim, sau biyu kacal ya leƙa, don a ganinsa namiji ba ya shiga garinsu sai da abin da za a fito kallo. Matarsa Furera ta yi magana har ta gaji ta sa masa ido, suna nan a ɗaki ɗaya na haya su da 'yarsu Nazifa, a irin gidajen nan da ƙofa ke kallon ƙofa.

Amma duk cikin burace-buracensa babu wanda ya fi ba mutane dariya da haushi kamar maganar layya. Mutumin nan bai taɓa yin layya ba. Ba rashi ba ne, wallahi. Mai gadi ma a layin nan yana yanka ɗan akuyarsa. Abin da ya faru shi ne wata rana a wurin karatu ya ji malam yana bayanin ragon da ya fi falala: fari, mai ƙaho, mai baƙi a kewayen ido da baki da gwiwoyi. Malamin ya ƙara da cewa wanda bai samu irin wannan ba, duk lafiyayyar dabbar da ta kai shekaru ta wadatar, amma wannan ƙarshen zancen bai shiga kunnen Sadisu ba. Ya ƙara nasa a kai ma, wai lallai ragon ya kasance da girman Balami. Duk shekara sai ya zaga kasuwanni ya dawo hannu rabbana. Mutane suna cewa ruwan ido ne, shi yana cewa tsoron Allah ne, yaya za ka kai wa Ubangiji abin da kai kanka ba ka gamsu da shi ba? Da ya kawo sunan Allah kuwa sai kowa ya kama bakinsa.

A shekara ta biyu da soja suka koma bariki, 'yan watanni kafin babbar Sallah, aka yi wani rikici a Legas da ya taɓa unguwannin Hausawa. Labari ya kai ƙauye ta rediyo, ya kai da ƙari ta bakin mutane. Mahaifiyar Sadisu, Inna Baiwa, ta aiko da wasiƙa har biyu tana cewa ya zo ta gan shi. Ya mayar da amsa cewa yana nan tafe, akwai 'yan abubuwan da yake kammalawa. Tsohuwa ta san ɗanta, ta san ma'anar kammalawa a bakinsa. Sai kawai ta ɗaure ƙullin kayanta ta shiga gaban motar Alu direba, ɗan garinsu mai kawo wake kasuwar Mile 12 ta Legas, ta sha kwana biyu a hanya da ƙafafu a kumbure. Saura kwana shida Sallah suka sauka. Alu ya gaya mata tun a hanya cewa motarsa za ta juya da goro da asubar rana ta huɗu ta Sallah, ba ya ƙara ko yini ɗaya.

Da ta huta, ta sha fura, ta ƙare wa jikarta kallo, sai ta tambayi inda aka ɗaure ragon. Furera ta sunkuyar da kai tana gyaran murhun da ba ya buƙatar gyara. Sadisu ya fara bayani mai tsawo a kan fari da baƙi da ƙaho. Inna Baiwa ta saurare shi har ya kai aya.

"Sadisu," ta ce, "ku shida na haifa, kai kaɗai ka rage min namiji. Na ci naman layyar ubanka shekara talatin, Allah Ya jiƙansa. Na ci na maƙwabta tun da ya rasu. Naka ne ban taɓa ci ba, shi na zo ci. Bana ba zan sa naman kowa a bakina ba sai naka."

Maganar nan ta shiga jikin Sadisu, har idonsa ya kawo ruwa, domin yana son uwarsa, wannan ba abin wasa ba ne. Ya durƙusa ya ce in Allah Ya yarda za ta ci. Da a ce wani ne, da washegari ya je ya jawo rago ya ɗaure a ƙofar ɗaki a wuce wurin. Shi kuwa abin da ya fahimta daban ne: tunda Inna ce za ta ci, ai ragon da ya yi niyya a da ma ya yi kaɗan.

Ya ɗauki hutu a wurin aiki, abin da bai taɓa yi ba. Ya fara da turakun da ke nan Agege wajen mahauta. Dillalai suna hango shi suka fara zungurin juna, don sun san shi shekara da shekaru. Wani ma ya juya baya ya kama ba dabbobinsa ruwa. Wanda bai san shi ba ne ya tare shi da fara'a, ya jawo masa wani ƙosasshen Uda. Sadisu ya ce shi ba ya son mai rabi fari rabi baƙi. Aka kawo Balami fari fat, ya ce ina baƙin idon? Aka kawo ɗan ƙasa mai baƙin ido da baƙin baki, ya ce wannan ai ɗan yaye ne. Wanda ya haɗa girma da kala kuwa, ƙahonsa na hagu ya ɗan fi na dama lanƙwasa. Dillalin ya ce ai ba gasar kyau za a kai shi ba, yanka shi za a yi. Sadisu ya yi masa kallon tausayi ya wuce gaba.

Haka aka yi ta yi har jajibere. Ya je babbar kasuwar dabbobi ta Alaba Rago sau biyu, ya je duk wata kwana da aka kafa turke, takalminsa ya cinye. Kullum da yamma in ya dawo Inna Baiwa tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, ta dubi hannunsa, ta ce sannu da dawowa, ba ta ƙara komai. Shi kuma ya zauna ya ba ta labarin ragunan da ya gani da aibun kowanne, dalla-dalla, kamar mai kawo rahoton nasara.

Ranar Sallah aka sauko daga Idi, layi ya kaure da kabbara da kukan dabbobi. Yarbawan gidan suna ta Ileyarsu, wato tasu Sallar, da kiɗa, Hausawa suna ta fiɗa a bakin kwata. Maƙwabcinsu na ɗakin da ke kallon nasu, Malam Ridwanu mai shayi, dattijo ne mai sanyin hali, ya kayar da wani ɗan ragonsa da bai fi a ɗauka da hannu ɗaya ba. Yana wanke wuƙa ya kira Sadisu gefe ya ba shi shawara a hankali. Ya ce masa da babu gara ba daɗi, kuma har yanzu akwai raguna a bakin titi da masu su ke neman kai da su, ya je ya kamo ɗaya ya faranta wa tsohuwa. Sadisu ya gode masa ƙwarai, ya tuna masa cewa ai kwana uku shari'a ta bayar, sai rana ta faɗi a rana ta uku ake rufe layya, gaggawar me ake yi? Malam Ridwanu ya ce haka ne, ya ci gaba da wanke wuƙarsa.

Kafin la'asar kwanuka sun fara shigowa ɗakin Furera. Wannan shi ne abin da ya fi ci mata rai duk shekara, domin kowa ya san kason da ake aika wa gidan da ba a yi yanka ba. Ta karɓa ta yi godiya, ta soya, ta zuba wa surukarta mai taushi daga kason Malam Ridwanu, a cikin kwanonsa. Inna Baiwa ta ture kwanon da bayan hannu, ba da faɗa ba. Ta ce a rufe a ajiye, ita tana jiran nata. Ranar nan duk Agege ƙamshin suya ne, ko bango ka shafa sai ka ji maiƙo, amma tsohuwar nan tuwo ta ci da miyar kuka gaya.

Rana ta biyu Sadisu ya yi sammako ya nufi Sabo ta Yaba, daga nan ya gangara Iddo inda aka ce wasu sun sauke ragowar kaya. A can ya yi kusa, Allah Ya sani ya yi kusa. Wani Bagobiri ya nuna masa rago da ya haɗa komai, har Sadisu ya kama igiya, har ya fara tunanin inda zai ɗaure shi. Sai ya ɗaga kunnen ya ga 'yar tsaga ta shaida da makiyaya ke yi, wadda ba ta kai faɗin farce ba. Bagobirin ya ce ai sai tsaga ta wuce kashi ɗaya cikin uku na kunne take hana layya, ko yaro ya san wannan. Sadisu ya ce shi ma ya sani, amma halatta daban, cika daban. Mutumin ya fizge igiyarsa ya ce ya je ya sa a ƙera masa a wurin maƙera.

Da ya dawo ya gama ba da labarin tsagar, Furera ta tare shi a tsakar gida, ta yi ƙasa da murya don kada surukarta ta ji. Ta ce masa Baban Nazifa, ya ji tsoron Allah, kwana biyu ke nan Inna ba ta ɗanɗana nama ba, matan gida har sun fara tambaya ko ciwon haƙori take yi. Ta ce in tsaga ce, ita ta yarda a rubuta zunubin a kanta. Ya ce mata ita mace ce, ba ta san raguna ba. A zuciyarsa kuwa ya ji tsoro a karo na farko, har abinci ya ƙi shiga. Amma da magariba wani abokin aikinsa ya kawo masa labarin da ya wanke masa rai: wata babbar mota daga can wajen iyakar Nijar, da wahalar man fetur ta tsare a hanya, ta sauka a Alaba Rago da yammacin nan, cike da ragunan da ba wanda ya taɓa. Sadisu ya ce ka ji, mai nema yana tare da samu.

To, a nan ne ni abin yake ba ni takaici, domin ya samu ɗin. Da hantsi ya isa Alaba Rago, kasuwa ta yi fayau, sai dillalai suna hamma a gindin rumfa. Yana zagayawa bayan motar ya gan shi a tsaye. Fari tas, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, ƙahoni biyu sun murɗe daidai wa daida kamar da ma'auni aka yi su, ga baƙi ya zagaye idanu, ga shi a baki, ga shi a gwiwoyi huɗu. Sadisu ya tsaya cak. Shekara goma sha ɗaya yana ba da labarin ragon nan, bai taɓa zaton akwai shi da gaske ba.

Sai kuma ya hau bincike, don abin ya yi kyau da yawa har ya fara zargi. Ya buɗe baki ya ƙirga haƙora. Ya ɗaga kunnuwa ya haska su da rana. Ya duba kofato ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka ja ragon ya yi tafiya gaba da baya ko zai ga ɗingishi. Ya kaɗa hannu a gaban kowane ido. Ya sa aka ba shi harawa ya ga yadda yake ci, sannan ya tsuguna yana jiran ya ga yadda zai yi kashi, kuma rago ba ya kashi don an matsu. Mai ragon, wani Ba'adare mai haƙuri, ya ce masa Malam, rana fa tana tafiya. Sadisu ya ce abin da aka jira shekara goma sha ɗaya ba a yi masa garaje. Sai da aka yi azahar aka gama ciniki, bai ko ja ba, abin da aka faɗa ya bayar.

Saura mota. Danfo, 'yar bas ɗin haya, ta tsaya, yaron mota ya buɗe baya ya ce a tura shi ƙarƙashin kujera. Sadisu ya ce Allah Ya kiyaye, ƙarfe ya kankare masa ƙaho? Ya bar ta ta wuce, ya bar ta biyu da ta uku. Ya nemi a-kori-kura ta shata, ta farko ya ce akwai ƙusa a dandamalinta, ta biyu tana warin kifi. Ta uku, ta wani dattijon Bayarabe da ake ce wa Baba Lamidi, ita ce ta ci jarrabawa, bayan an share ta an shimfiɗa buhuna. Lokacin da suka bar kasuwa an yi la'asar. Sadisu ya hau baya ya rungume wuyan ragonsa, ya lissafa cewa ko da tsaye-tsaye awa ɗaya da rabi ta kai su Agege, ga sauran lokaci har na wasa wuƙa.

Legas kuwa ba ta san lissafin kowa ba. Sun wuce Iyana Iba lafiya, sun wuce Igando, sai suka tarar da motoci sun yi cirko-cirko. Wani gidan mai ne aka ce an kawo wa fetur, layi ya fito ya cinye titi, masu dawowa daga yawon Sallah suka ɗora nasu a kai, wata tirela kuma ta gitta a tsakiya ta mutu. Gosulo irin wanda direbobi ke kashe mota su fito su sayi rake. Baba Lamidi ya leƙo ta taga ya dubi sama, ya dubi Sadisu, ya ce masa da Hausarsa ta 'yan kasuwa, Oga, wannan ba na yanzu ba ne.

Rana ta yi ja ta fara sauka a kan rufin kwano. A gefen titi akwai wani mai tsire Bahaushe yana hura wuta, shi ya fara lura da abin da ake ciki, ya taso ya yi sallama. Da ya ji labari sai ya ce ai abu mai sauƙi ne: ga wuƙa, ga ruwa a jarka, ga gabas can, a sauke rago a yanka a nan, shi zai feɗe masa kyauta don Allah, a kai wa tsohuwa namanta. Mutane suka taru, Hausawa da Yarbawa, kowa yana cewa haka ne. Baba Lamidi ma ya ce layya ai ba ta san unguwa ba, inda aka yanka nan ta karɓu.

Sadisu ya sauko ya dubi wurin. Ya ce kusa da kwata ne. Aka nuna masa wani fili mai yashi a gaba kaɗan. Ya karɓi wuƙar mai tsire ya gwada ta a farce, ya ce gajera ce, ba ta dace da wuyan rago irin wannan ba. Mai tsire ya ce da ita ya yanka sa shekaranjiya. Sadisu ya koma yana shafa ƙahon nan. Gaskiyar da bai faɗa ba, wadda shi kansa bai so ya kalla ba, ita ce in aka feɗe ragon nan a nan, abin da zai kai gida nama ne a buhu, irin na kowa. Wa zai ga baƙin idon? Wa zai ga ƙahonin a tsaye? Inna ba za ta gani ba, Malam Ridwanu ba zai gani ba, dillalan Agege da suka yi masa dariya ba za su gani ba. Ya ce a'a, hanya za ta buɗe.

Wani ɗan okada, mai babur na haya, ya ce a ɗaure masa ragon a tsakiya, shi zai ratsa ta lunguna ya kai su kafin a kira salla. Sadisu ya dubi salansar babur ɗin da ke tiriri, ya ce in ta ƙona masa ƙafa fa, ko a faɗi ƙaho ya karye? Ɗan okada ya ɗaga kafaɗa ya ɗauki wata mata ya tafi. Mai tsire ya sake matsowa, wannan karon ba ya murmushi.

"Malam, dubi rana. Ko minti goma ba ta da shi. Uwarka ce fa ka ce tana jira."

"Ai shi ya sa," in ji Sadisu. "Ba zan kai wa Inna abin da aka yanka a bakin titi ba."

Mai tsire ya goge wuƙarsa a jikin riga ya koma wurin wutarsa. Motoci suka ɗan motsa kamar taku ashirin, Sadisu ya yi tsalle ya hau yana cewa kun gani, sannan suka sake tsayawa. Yana tsaye a bayan a-kori-kura, yana riƙe da igiya, ya ga rana ta nutse a bayan wani gidan burodi. Daga wani masallaci can ciki ladan ya ɗaga murya. Ragon ya sunkuya yana cin gefen buhun da aka shimfiɗa masa.

Baba Lamidi, don ya sanyaya masa rai, ya ce su a wurinsu akwai malaman da ke cewa har rana ta huɗu ana yanka. Sadisu ya ce ya taɓa ji, amma shi ba ya layya mai ƙila-wa-ƙala. Sai da duhu ya yi sannan hanya ta buɗe.

Ana shirin kiran isha'i suka shiga layin. Abin da ya so ya samu kuwa ya samu, don layi ya fito kallo. Yara suka biyo motar, manya suka taso daga benci, Malam Ridwanu ya bar tukunyar shayinsa ya zo ya zagaya ragon yana tasbihi, ya ce tun da yake bai taɓa ganin irinsa ba. Kowa ya yaba, kuma kowa ya san rana ta faɗi, shi ya sa yabon bai daɗe ba aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Inna Baiwa tana kan tabarmarta, ƙullin kayanta a ɗaure a gefe saboda tafiyar asuba. Kwana uku ba nama sun nuna a fuskarta, ko kuwa jiran ne ya nuna. Sadisu ya jawo ragon har gabanta ya durƙusa. Ta miƙa hannu ta shafa goshinsa, ta bi ƙahon da yatsa har ƙarshe, ta ce tubarkalla, lallai rago ne. Sai ya hau ba ta labarin gosulo da tirela da kwata da gajeriyar wuƙa. Ya ce in tana so yanzu-yanzu a kayar da shi ta ci ta yi guzuri. Ta ce in don nama ne ai ko a ƙauye akwai mahauta, ba shi ya hau da ita mota kwana biyu ba.

Nan take wata dabara ta faɗo masa, har fuskarsa ta washe. Ya ce to shi ke nan, ai faɗuwa ta zo daidai da zama: zai kiwata ragon nan shekara guda, ya ƙara girma ya zama babu irinsa a Legas kaf. Baɗi war haka zai aiko a ɗauko ta, ba a motar wake ba, a jirgin sama, kuma a lokacin an fara ginin nan, a ƙofar gidansa na kansa za a yanka. Yana magana yana nuni da hannu, ya riga ya ga komai a gabansa.

Ta bar shi ya gama, kamar yadda ta saba.

"Baɗi taku ce, Sadisu, ku masu sauran shekaru a gaba. Ni bana na zo."

Sannan ta juya wajen ƙofar ɗaki inda surukarta ke tsaye.

"Furera, 'yar nan, miƙo min kwanon nan na Malam Ridwanu."

Furera ta kawo ta buɗe ta ajiye, ta koma ciki da sauri tana share ido da gefen zane. Tsohuwa ta yi bisimilla, ta zaɓi wata 'yar tsoka, ta yayyaga ta da yatsu saboda haƙoranta sun yi ƙaranci, ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa. Ta ce Allah Ya karɓa wa Malam Ridwanu, Ya ba shi ladan ciyar da baƙuwa, ta sake miƙa hannu cikin kwanon. Sadisu yana durƙushe a gabanta da igiya a hannu, bai tashi ba har ta cinye.